Sarkin Musulmi Attahiru Ɗan Ahmadu da Kufan Burmi

Gabatarwa

Duk wanda ya bar birnin Gombe ya nufi arewa ta hanyar da ta bi ta Bajoga zuwa Potiskum, to ya ratsa kusa da ɗaya daga cikin manyan wuraren tarihin ƙasar nan, ko ya sani ko bai sani ba. A ƙaramar hukumar Funakaye, ba nisa da Kogin Gongola da garin Ashaka, akwai kufan wani gari da ake kira Burmi. A nan ne aka yi gumurzun ƙarshe tsakanin mutanen Daular Usmaniyya da sojojin Turawan Ingila a shekarar 1903, kuma a nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya yake kwance tare da ɗaruruwan mutanen da suka faɗi tare da shi. Wannan maƙala za ta bi rayuwar wannan bawan Allah daga Sakkwato zuwa Burmi, sannan ta dubi haƙƙin da wurin da ya kwanta yake da shi a kanmu, musamman mu ɗaliban harshe.

Asalinsa

Muhammadu Attahiru ɗa ne ga Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Kakansa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya gaji ɗan'uwansa Muhammadu Bello a 1837 ya riƙe har 1842. Ke nan Attahiru tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ta wajen uba. A wancan ƙarni sarautar Sarkin Musulmi ta fi zagayawa tsakanin gidaje biyu, wato gidan Bello da gidan Atiku, shi kuwa Attahiru ɗan gidan Atiku ne. Mahaifinsa ya zauna a ribaɗin Cimola, arewa da Sakkwato, inda ake tsaron iyakar daula daga hare-haren Gobirawa. Daga cikin 'yan'uwansa akwai Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya kafa Gwadabawa, ya kuma zama Sarkin Musulmi daga baya, daga 1915 zuwa 1924.

Gidan da ya tashi a ciki gida ne da karatu da yaƙi suke tafiya tare. Littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu da na Bello su ne abin karantawa, kuma a cikinsu mas'alar hijira tana da babban matsayi. Ai jihadin kansa da hijira ya soma, lokacin da Shehu ya tashi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai gane matakin da Attahiru ya ɗauka bayan shekara 99 ba.

Halin da Ya Tarar da Daula

A watan Oktoba na 1902 baffansa, Sarkin Musulmi Abdurrahman ɗan Atiku, ya rasu, aka naɗa Attahiru a madadinsa. Idan aka soma ƙirga daga Shehu, shi ne Sarkin Musulmi na 12. Sai dai ya hau gado ne a lokacin da wuta ta riga ta kama gefen zana. Tun 1897 sojojin Kamfanin Neja suka ci Bida da Ilori. Ranar 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsu. A 1901 aka ci Kwantagora, aka sake cin Bida, aka ci Yola. A 1902 Bauci ta faɗi, Gombe ta miƙa wuya a zamanin Sarki Umaru, aka kuma kama Sarkin Zazzau Kwasau. Ta arewa Faransawa sun zauna a Damagaram tun 1899, ta gabas kuma Jamusawa suna cin ƙasar Adamawa.

A watan da aka naɗa shi ne kuma Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney, ya tsere zuwa Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi hannu biyu. Wannan ya ba Lugga hujjar da yake nema. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwar Kano alhali Sarki Alu yana can wajen Sakkwato, inda ya je yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a. A kan hanyar komowa rundunar Kanawa ta yi karo da Turawa a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya yi shahada. Daga nan babu sauran abin da ya tsaya tsakanin Turawa da Sakkwato.

A fadar Sarkin Musulmi ra'ayi ya kasu uku. Wasu suka ce a tsaya a yi yaƙi, wasu suka ce a nemi sulhu, wasu kuma suka ce a tashi a yi hijira tun kafin Nasara su iso. Kowane ɓangare yana da hujjarsa daga littafi. Attahiru ya karkata ga hijira, amma tayar da birni guda da mata da yara da dabbobi ba aikin kwana ɗaya ba ne, kuma lokaci ya ƙure. Da aka ga ƙurar abokan gaba, sai aka fita aka ja daga.

Yaƙin Giginya

Da safiyar Lahadi, 15 ga Maris, 1903, wanda ya zo a watan Zulhajji na shekarar 1320 bayan Hijira, aka gwabza a filin Giginya da ke wajen ganuwar Sakkwato. Sarkin Musulmi yana tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim suna riƙe da gefuna biyu. Mutanen Sakkwato sun fito da dawaki da takubba da masu da kibau da 'yan bindigogi kaɗan. Turawa kuwa sun jera sojojinsu murabba'i, suka girke bindigogi masu sarrafa kansu da igwa. Doki duk gudunsa bai isa ya kai ga irin wannan sahu ba. Kafin rana ta take an watse, sai 'yan tsirarun da suka kewaye tuta suka ƙi motsawa har aka gama da su.

Bayan yaƙin shugabanni suka rabu biyu. Waziri Muhammadu Buhari ya ja jama'a zuwa Marnona, ya yi shawara da malamai, daga bisani ya komo birni ya yi sulhu da Turawa. Ya rubuta wasiƙa da Larabci yana bayyana dalilinsa, wanda ya tattara a kan cewa idan kowa ya tafi, babu mai tsaya wa talakawan da ba su da ikon tafiya, kuma addini zai rasa masu riƙe shi a ƙasar. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tabbatar da naɗin Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba, daga gidan Bello, shi ne ake kira Attahiru na Biyu. Shi kuwa Attahiru ɗan Ahmadu ya juya linzami ya fuskanci gabas. Adalci ne mai karatu ya sani cewa waɗanda suka zauna da waɗanda suka tafi duk ijtihadi suka yi a ranar da babu zaɓi mai daɗi.

Hijira

Attahiru ya bi ta ƙasar Zamfara ya sauka Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, ya nufi Misau. Da farko Turawa sun ɗauka sarki ne da aka kora yana gudun neman mafaka, ba da jimawa ba suka gane lamarin ya fi haka. Duk inda ya ratsa sai garuruwa su tashi su bi shi. Manoma suka bar gonaki ana gab da shuka, malamai suka ɗaure littattafai a gafaka, makiyaya suka koro shanu, har da masu sarauta da iyalansu. Sarkin Misau Ahmadu ya bar gadonsa ya bi. Etsu Nupe Abubakar, wanda Turawa suka kora daga Bida, ya shiga ayarin, haka ma Magajin Keffi. Akwai kuma mutanen Alhaji Umaru Futi, waɗanda Faransawa suka riga suka koro daga yamma, cikinsu har da babban malamin Tijjaniyya Alfa Hashim, wanda daga baya ya zauna a Madina.

Me ya sa aka fuskanci gabas, kuma me ya sa aka biyo ta ƙasar Gombe? Dalili na farko shi ne hanyar Makka ke nan. Na biyu, tun zamanin Shehu akwai zancen da ya bazu cewa a ƙarshen zamani jama'a za su tashi su yi gabas su tarbi Mahadi, kuma a bakin mutane Dutsen Bima, wanda yake kusa da Dadin Kowa a yau, ya zama matattarar wannan tafiya. Na uku, Burmi ta riga ta yi suna. A can ne Malam Jibrilla Gaini, wanda yake tare da Hayatu ɗan Sa'idu a kan da'awar Mahadiyya, ya kafa sansaninsa. A 1888 ya karya rundunar Gombe, Sarki Zailani ya rasa ransa a sanadin wannan yaƙi, kuma sarakunan yankin suka kasa tumɓuke shi. Sai a 1902 Turawa suka kama shi bayan karon da aka yi a Tongo, suka kai shi Lakwaja. Duk da haka mutanensa suna nan a Burmi ƙarƙashin Malam Musa Dadare, da ganuwarsu da kibansu. Abin lura a nan shi ne, garin da ya shekara goma sha yana gaba da sarakunan da ke ƙarƙashin Sakkwato, shi ne ya buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofa ranar da sauran ƙofofi suka rufe.

Ɗalibin adabi yana da rabo na musamman a wannan babi, domin ana danganta wa Attahiru Waƙar Zuwan Annasara Ƙasar Hausa. Waƙa ce ta ajami da take kira ga jama'a su bar ƙasar da Nasara suka mamaye su nufi Makka da Madina, tana kuma gargaɗin masu zama saboda dukiya ko sarauta. Tana daga cikin rubutattun waƙoƙin da suka nuna mana yadda mutanen wancan lokaci suka ga zuwan Turawa da idonsu, ba da idon wanda ya ci su da yaƙi ba.

Burmi

Turawa sun aika rundunoni daga Kano da Zariya da Bauci suna bin sawun ayarin. Ranar 13 ga Mayu, 1903, Kyaftin Sword ya auka wa Burmi. Aka wuni ana fafatawa, mutanen gari suka yi asarar rayuka masu yawa, amma suka hana shi shiga. Da dare ya janye da raunanansa ya koma Bauci. Wannan na daga cikin 'yan lokutan da wani gari mai ganuwa ya mayar da sojan Turawa baya a yaƙe-yaƙen cin Arewa. A lokacin Attahiru ya gangara wajen Gwani da Bima, da ya ga an tare masa gaba sai ya komo ya shiga Burmi. Ya aika wa Turawa takarda cewa shi ba yaƙi yake nema ba, hanya kawai yake so ya wuce. Su kuwa sun ga muddin yana raye kuma yana tafiya, ƙasar da suka ci za ta zama kango, don haka abin da suke so shi ne ya miƙa kansa.

Ranar Litinin, 27 ga Yuli, 1903, a shekarar 1321 bayan Hijira, runduna mafi girma ta iso ƙarƙashin Manjo Marsh. Aka buɗe wa ganuwa wuta da igwa tun da hantsi. Marsh kansa kibiya mai dafi ta same shi kusa da ganuwa, bai kai yamma ba, kabarinsa ma yana nan a yankin. Da aka fasa ganuwa sai yaƙi ya koma cikin gari, gida-gida, lungu-lungu, har faɗuwar rana. A nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, aka tarar da gawarsa a tsakiyar gawawwakin mutanen da suka kewaye shi da tutarsa. Ta ƙididdigar Turawan kansu, waɗanda aka kashe a ranar sun haura 600. Aka cinna wa garin wuta. Don su kashe zancen cewa yana raye, Turawa suka ɗauki hoton gawarsa suka yi ta nunawa a garuruwa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta tare da shi.

Hijirar dai ba ta mutu a Burmi ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno, kuma zuriyarsu na daga cikin al'ummar Hausa da Fulani da ke zaune a wannan ƙasa. Tutar da aka ƙwace a Burmi kuwa ta daɗe a hannun soja, sai a 1960, shekarar samun 'yancin kai, aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Kufai Ma Littafi Ne

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan yaƙin Burmi ya samo tushe daga rahotannin hafsoshin da suka yi nasara. Su suka ƙirga gawa, su suka auna ganuwa, su suka faɗi wanda ya tsaya da wanda ya gudu. Mutanen garin ba su sami sararin rubuta nasu ba. Shaidu biyu ne suka rage musu, wato abin da jikoki suka ji daga kakanni, da kuma ƙasar kanta.

Masu ilimin tonon kayan tarihi suna karanta kufai kamar yadda muke karanta matani. Layin ganuwa yana nuna girman gari da yawan mutanen da zai iya ɗauka. Tsingaron tukwane yana nuna irin mutanen da suka zauna da waɗanda suka yi ciniki da su. Kashin maƙera yana nuna inda aka ƙera makamai, toka tana nuna inda gobara ta ci, kan kibiya da kwanson harsashi kuma suna iya nuna inda kowane ɓangare ya tsaya. Amma duk wannan karatu yana yiwuwa ne idan an tarar da abu a inda ya faɗi. Kan kibiyar da yaro ya tsinta ya kai gida ya zama guntun ƙarfe kawai, kamar kalmar da aka cire daga jimla. Ga shi kuma ginin ƙasa ba ya jira. Ruwan sama yana zaizaye shi, garma tana baje shi, masu ɗibar ƙasar gini suna kwashe shi. Wanda ya ga yadda ganuwar Kano take ƙarewa a tsakiyar birni, a gaban idon hukuma, ya san abin da zai iya samun kufan da ke cikin daji.

Ba Burmi kaɗai ba ce. Akwai Gombe Abba a ƙaramar hukumar Dukku, tsohuwar hedikwatar masarauta inda Modibbo Buba Yero, wanda ya rasu a 1841, yake kwance. Daga can aka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita Gombe Doma a 1919, wato wannan birni da ya zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996. Akwai Dutsen Bima, akwai tsohuwar Pindiga ta Jukunawa, akwai tsofaffin mazaunan kan duwatsu a ƙasar Tangale da Waja da Tula waɗanda aka sauko aka bari.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi, sannan Doka ta 77 ta shekarar 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Dokar ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba. Sai dai doka a takarda ba ta gadin kufai. Mai gadin kufai shi ne manomin da gonarsa take kusa da makiyayin da yake ratsawa kullum. Misali yana nan kusa da mu a Jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ya ci karo da katako, aka sanar da hukuma. Da masana suka tono, sai ga kwalekwale mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Da ya faskara shi ya hura wuta, da babu wanda zai san an yi asara.

Rabon Ɗalibin Harshe

Wayar da kai da harshe ake yin sa, don haka wannan aiki namu ne kafin ya zama na kowa. Na farko, dokar kayan tarihi da Turanci take, waɗanda ake so su bi ta kuwa Hausa da Fulatanci da Bolanci da Teranci da Tangale suke ji. Fassara muhimman sassanta cikin sauƙaƙan kalmomi, a karanta a rediyo, a kai wa masu unguwanni da limamai da malaman firamare, aikin fassara ne da ya dace da kundin digiri.

Na biyu, tattara labaran baka. Waɗanda suka ga yaƙin Burmi duk sun riga mu gidan gaskiya, amma a Bajoga da Ashaka da Tongo da Nafada akwai jikokin da suka ji daga bakinsu. Kowane tsoho da ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, an rufe wani shafi. A naɗa, a rubuta da ƙa'ida, a sa sunan gari da ranar da aka yi hirar, a ajiye kwafi a sashe.

Na uku, sunayen wurare. Sunan garin nan kansa darasi ne. A takardun jiha ana rubuta Mbormi, a littattafan tarihi kuwa Burmi, domin Bahaushe ba ya soma kalma da mb, sai ya sauke harafin farko. Sunayen ƙofofi da rijiyoyi da tuddai da gonaki sukan riƙe tarihin da mutane suka manta, kuma mai nazarin harshe ne zai iya warware su.

Na huɗu, rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke cikin gafakar gidajen malamai, waɗanda gara da ɗanshi suke ci. A ɗauki hotonsu da yardar masu su, a bar musu abinsu.

Ga wanda ya kai ziyara kuwa, ladabin wuri sananne ne. Maƙabarta ce kafin ta zama wurin yawon buɗe ido. A nemi izinin masu gari, kada a tona, kada a tsinci komai a sa aljihu, kada a rubuta suna a jikin dutse ko itace. Idan an ga wani abu da ruwa ya tono, a bar shi a wurin, a ɗauki hoto, a sanar da mai gari da hukuma.

Kammalawa

Attahiru ɗan Ahmadu bai cika wata shida a gadon sarauta a Sakkwato ba, ya kuma yi wata huɗu da 'yan kwanaki a kan hanya. Bai gina birni ba, bai ci ƙasa ba, amma a wannan ɗan lokaci ya tsaya a kan abin da ya yi imani da shi har ya ba da ransa. Sakkwato ta haife shi, Sudan ta karɓi zuriyarsa, ƙasar Gombe kuwa ita aka bar wa amanar kabarinsa da filin da ya faɗi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya rage ga hukumomin da ke birnin Gombe su shata iyakar wurin su tsare shi, mu kuma ɗalibai mu ɗauki rikoda da alƙalami mu nufi Funakaye tun tsofaffin da suka ji labarin suna raye.